A Kan Boogiepop da Gardamar da Ta Ƙi Ƙarewa a Tsakaninmu

Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Tun semestar da ta wuce wani littafin Japan yake yawo a wayoyin 'yan ajinmu na masta, daga nan ya gangara wajen 'yan digirin farko. Da na dawo hutu Kontagora sai na tarar ƙannenmu da ke karatu a nan ma sun kama shi, kuma gardamar da muka baro a hostel ita ce dai ake yi a bakin shagon cajin waya. Sunan littafin Boogiepop. Na ji ra'ayoyi kala-kala a kansa, wasu sun burge ni, wasu kuma wallahi ka ji ka san mai maganar bai wuce shafi goma ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi nawa a wuri ɗaya, in huta da maimaitawa.

Ga wanda bai san zancen ba: a Japan akwai wasu ƙananan littattafan hikaya na matasa da suke kira ranobe. Ƙanana ne da za su shiga aljihu, da zane a bango da 'yan zane-zane a ciki, harshensu mai sauƙi, kuma suna fitowa kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, har abin da ya sawwaƙa. In ka ce ai wannan Adabin Kasuwar Kano ne, ba ka yi nisa da gaskiya ba. Har rainin da manyan masana suka yi wa namu, su ma nasu sun sha irinsa. Boogiepop na Kouhei Kadono ne, Kouji Ogata ya yi zanen. Ya ci gasar Dengeki a 1997, aka buga na farkon a 1998, kuma ana lissafa shi cikin littattafan da suka buɗe wa wannan kasuwa ƙofa a can. Fassarar Turancin da muke karantawa ta fara fitowa a 2006. Wato littafin kusan sa'anmu ne, mu 'yan ƙarshen shekarun 1990.

Zan taɓa labarin na farkon, don haka wanda bai karanta ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsaya nan.

A wata sakandare mai suna Shinyo ɗalibai mata suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Malamai da sauran manya sun riga sun yanke hukunci: yaran zamani ne, sun gudu daga gida. Su kuma 'yan matan makarantar suna da nasu bayanin da suke raɗa wa juna, ba sa gaya wa maza: wai akwai wani mai ɗaukar rai, Boogiepop, da yake kashe yarinya a lokacin da kyanta ya kai ƙarshe, kafin ya fara dusashewa. Duka biyun ƙarya ne. Abin da ke cin yaran wata halitta ce mai suna Manticore da wata ƙungiyar asiri ta ƙera a ɗakin gwaji, ta kuɓuce, ta kashe ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari a makarantar ta ɗauki kamanninta, tana zuwa aji kullum da yunifom. Wanda yake taimaka mata kuwa mutum ne ɗan'adam, ɗalibi natsattse da ba wanda zai zarga, kuma da ƙwaya suke jawo yaran. Shi Boogiepop ɗin da ake tsoro, wani hali ne na biyu da yake tasowa a jikin wata ɗaliba, Touka Miyashita, idan haɗari ya matso, kuma dodon yake farauta.

Ƙorafin da na fi ji shi ne wai littafin ya rikice, ba kai ba gindi. Wani abokina da ke karanta lissafi ya ce marubucin kamar ya zubar da takardunsa ne a ƙasa ya tattara yadda ya ga dama. To gaskiya ne babi biyar ne, kowanne ta idon mutum daban, kuma lokaci yana gaba yana baya. Na farko saurayin Touka ne, wanda yake hira da Boogiepop a saman rufin makaranta, har aka gama komai bai ga dodon da idonsa ba. Ta biyu yarinya ce mai karance-karancen halayyar masu kisa. Akwai wanda sai bayan shekara biyu yake ƙoƙarin gane abin da ya sami yarinyar da yake so. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya san labarin gaba ɗaya. Kai mai karatu kaɗai ne kake haɗa guntayen.

Ni kuwa nan ne littafin ya kama ni. Duk wanda ya taɓa fita tattara bayanan bincike ya san wannan ciwon. Ka tambayi mutum biyar abu ɗaya da ya faru a gabansu, ka dawo da labari biyar, kowa kuma ya rantse. Sufabaiza ya ce ka kawo abin da ya faru, kai kuma abin da ke hannunka shi ne abin da kowa ya hango ta tagarsa. Ko faɗa aka yi a hostel da daddare, kafin a idar da sallar asuba ka ji kala huɗu: na wanda ya gani, na wanda ya ji ihu, na wanda aka kira a waya, da na wanda yake garinsu amma ya fi kowa bayani. Mun saba da labarin da mai ba da shi ya san komai, tun daga gatanan gatananku har ƙurunƙus. Kadono ya ƙi ba mu wannan gatan, don abin da yake son nunawa ke nan: a makarantar da mutane ɗaruruwa suke, yara suna mutuwa, kowa yana riƙe da ɗan guntun gaskiya, ba wanda ya kai nasa wajen wani.

Af, da yawa cikin masu cewa ya rikice katun ɗin 2019 suka kalla. A can an matse littafin farko gaba ɗaya cikin kashi uku, dole kai ya juya. Wannan ba laifin littafin ba ne.

Sai masu maganar aƙida. Wata 'yar ajinmu, mai ilimin addini ce ƙwarai kuma ina girmama ta, ta ce ita daga jin an ce mai ɗaukar rai ta rufe, don rai Allah ne yake ɗauka ta hannun mala'ikan da Ya wakilta, ba abin wasa ba ne. Na ce mata Malama, ai littafin da kansa ƙaryata wannan jita-jitar yake yi. Inda ya fi dacewa ta kafa hujjarta ma wani wurin ne: akwai wani baƙo daga sararin sama, Echoes, da aka aiko ya duba ko 'yan'adam mutanen kirki ne ko a'a. Wannan kam in ka ɗauke shi da gaske ya ci karo da abin da muka yi imani da shi, ba wata kwana. Amma wa ya ce a ɗauke shi da gaske? Mun tashi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, dukansu na 1934, da aljanunsu da komai. Mun karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi a firamare, iyayenmu sun saurari Dare Dubu da Ɗaya, ba wanda ya fita daga musulunci saboda Gizo ya yi magana da Ƙoƙi. Ƙage sunansa ƙage. Duk da haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, ba farilla ba ne, kuma ba na goyon bayan masu yi mata dariya suna ce mata 'yar ƙauye. Tana da gaskiya a wani ɓangaren da su ba sa son a faɗa: cikin waɗannan littattafan na Japan akwai tarin shara, tsiraici da zanen yara mata ta hanyar da ba ta dace ba, wanda ko kyauta aka ba ni ba zan bari ya shiga wayar ƙanwata ba. Shi kansa Boogiepop akwai kisa, akwai ƙwaya, akwai soyayyar 'yan sakandare irin ta al'adarsu. Ba na ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare ba ne.

Masu cewa ba ya ba da tsoro, na yarda da su rabi. In tsoron da kake nema irin na fim ɗin Indiya mai fassara ne, mace da farin kaya da gashi a fuska, ba za ka samu ba. Ni abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne malami ya kira suna a rajista, shiru, ya sa alama ya wuce na gaba.

Ra'ayin da ya fi yi mini nauyi daga wani yayanmu ya fito a nan gida, mutumin da yake bin hanyar Tegina kusan kowane mako saboda sana'arsa. Ya ce shi yana mamakin mutumin Kontagora da zai sa data ya sauke labarin tsoro daga Japan. Tsoro ai a ƙofar gida muke da shi, kyauta. Wallahi na daɗe ban ce komai ba. Mun san ranar 17 ga Fabrairun 2021 da aka shiga makarantar kimiyya ta Kagara aka kwashe ɗalibai da malamai, aka kashe yaro ɗaya. Mun san 30 ga Mayun shekarar da aka ɗebi yaran Islamiyyar Salihu Tanko a Tegina, sama da ɗari, ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji, wasu ba su dawo ba. Duk wanda zai koma makaranta daga garin nan ya san yadda mota take yin tsit a wasu wuraren, kowa bakinsa yana motsi. Mutumin da ya ga wannan, me dodon takarda zai gaya masa?

Amsar da nake da ita ba ta kai girman tambayarsa ba, amma ga ta. Ɗan bindiga mun san shi, mun san sunan abin da yake yi, in ya ɗauki yara duniya tana ji. Akwai wata ɓacewar da ba ta da ƙara, kuma ita ce littafin nan yake magana a kai. Kowannenmu ya yi aji da wani da ya daina zuwa lakca. Mako ɗaya, biyu, wata guda. Aka ce ya koma gida, aka ce kuɗin rajista ne, aka ce an yi mata aure, aka ce ya bi 'yan ƙwaya, aka ce aljanu ne suka taɓa ta. Kowa ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya ci gaba da karatun jarabawa. Mu nawa ne muka nemi lambar gidansu? Shugaban aji yana da lambar kowa in za a tara kuɗin handawut, amma ban taɓa ganin an tara mutum uku an ce mu je mu dubo wane ba, sai in labarin rasuwa ya zo, sannan a yi ta sa hotonsa a status.

Kuma abin da jita-jita take yi ke nan, a littafin da kuma a nan: tana ba mu amsa da wuri don kada mu yi tambaya. Ku tuna 2004 da aka ce akwai lambar wayar da in ka ɗauka ka mutu, har kamfanin waya ya fito yana ƙaryatawa, ta sake dawowa a 2011 da lambar 09141. Ku tuna daren Agustan 2014 da aka tashe mu a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, mutane suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. Ku tuna 2023 da maganar satar mazakuta ta cika Abuja da garuruwan kusa, aka yi ta dukan bayin Allah a tasha saboda sun yi musabaha, daga baya 'yan sanda suka gurfanar da wasu masu ihun a kotu bisa ƙarya. Ana can ana dukan baƙon da ba shi da kowa, mai cutar da mutane na gaske yana zaune cikinmu da fuskar mutunci. Mutanen Kano ba za su manta da Hanifa ba, yarinya 'yar shekara biyar, wanda kotu ta samu da laifin kashe ta a 2022 shi ne mai makarantar da iyayenta suka damƙa masa ita. Binciken BBC na 2018 kan kodin da na 2019 kan malaman jami'a masu neman ɗalibai da maki, duk abin da suka tono ba a daji yake ba, a cikin ofis da kantin magani yake. Manticore da yunifom take zuwa aji, kuma ita ce ta ɗaya a jarabawa.

Maganar aljanu kuwa bari in yi ta a hankali, kada a juya mini zance. Na yi imani da samuwarsu, Alƙur'ani ya faɗa. Tun zamanin Sumbuka a makarantun 'yan mata na Kano a tsakiyar shekarun 1990 har yau, ba makarantar kwanan da ba ta da labarin yaran da suke faɗuwa. A yi ruƙiyya, ban hana ba. Abin da nake ƙi shi ne kalmar ta zama murfi. Yarinya ta faɗi sau uku a semesta, an ce iska ce, an tofa, an watse. Ba wanda ya tambaya ko ta ci abinci, ko akwai wanda yake matsa mata a sashensu, ko gida an ce ta fito da miji ko a cire ta, ko farfaɗiya ce da magani zai riƙe. Ana iya yin addu'a a kuma yi tambaya, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Akwai wani wuri a farkon littafin da nake yawan tunawa. Wani mutum cikin tsumma yana tafe a titi yana kuka, ga ciwo a jikinsa, jama'a suna ratsewa kamar ba su gan shi ba, sai Boogiepop ne ya tsaya. Can gaba ka gane mutumin nan shi ne baƙon da aka aiko ya auna mu, kuma ba ya iya magana sai dai ya maimaita abin da aka ce masa. Abin da ya gani na alheri a duniya bai wuce na mutum ɗaya ko biyu ba, ciki har da wata ɗaliba da ta ɓoye shi a makaranta tana kula da shi, wadda mutane suke ganin ba ta da kamun kai. Ba sai an je Japan za a gane wannan ba. A tashar mota ta garin nan ma za ka ga irin mutumin.

Yanzu bari in juyo kan 'yan ɓangarena, don su ma sun ishe ni. Akwai masu karanta littafin Japan biyu su fara cewa Hausa ba ta da komai sai soyayya da kishiya. Malam, a 1969, shekarar da aka sauka a wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da baƙonsa daga sama da suka yi tafiya cikin sararin samaniya. Kusan shekara talatin ke nan kafin Boogiepop. Nazir Adam Salih ya hana da yawa cikinmu barci muna sakandare, Abdulaziz Sani Madakin Gini ya gina duniyoyi da sarakunansu da matsafansu, ana karanta su a rediyo ana sauraro a kasuwa. Littattafan soyayyar da kuke rainawa ma, su ne suka koya wa dubban mata karatun boko a ɗaka, kuma sun sha wuta a zahiri, don an ƙona su a Kano a 2007. Wanda bai karanta na gida ba ba shi da bakin cewa babu.

Inda nake ganin an bar mu a baya daban ne. Yawancin labaran tsoronmu suna kai dodon nesa: dajin da ba a shiga, birnin matsafa, zamanin da. Kadono ya ajiye nasa a aji, ya gina shi da raɗe-raɗin da yaran makaranta suke yi da gaske, irin na bayan an kashe fitila. Mu kuwa wannan kaya a zube yake ba mai ɗauka. Madam Koskos da ƙarar takalminta a barandar hostel, jaririn da yake kuka a bayan katanga da tsakar dare, ɗakin da aka ce wata ta rasu a ciki aka rufe, mai babur ɗin da ya ɗauki fasinja ya waiga bai ga kowa ba. Ace wani cikin marubutanmu na Wattpad da WhatsApp ya ɗauki ɗaya, ya ba da shi ta bakin mutum biyar, mai gadi, matron, 'yar ɗakinsu, malamin ruƙiyya, da ƙanin yarinyar da ke gida yana jiran ta dawo hutu, kowa da guntunsa, a bar mai karatu ya gano wanda ya yi abin. Ba a buƙatar baƙo daga sama ko ƙungiyar asiri. Ni dai zan biya kuɗi in karanta, ba zan jira a turo shi kyauta a guruf ba.

Game da sauran jerin, ra'ayina gajere ne. Na biyu da na uku, labarin Imaginator, sun yi kyau, musamman malamin nan mai ba ɗalibai shawara da yake ganin zuciyar kowa kamar tsiro mai rashin wani sashe, wani ba saiwa, wani ba ganye, har ya yanke shawarar gyara mutane ko suna so ko ba sa so. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin mai gyaran dole zai gane shi. Daga nan kuma mutane masu baiwa iri-iri suka yi yawa, ƙungiyar asirin ta cinye labarin, ni dai sha'awata ta ragu. Masu cewa sai ka karanta duka za ka gane, Allah ya ba ku lokaci, ni babi na uku na bincikena yana jirana kuma an sa ranar semina.

Abu ɗaya nake roƙo. In akwai mai kwafin Tauraruwa Mai Wutsiya a nan Kontagora, ko tsoho ne da bango ya cire, don Allah ya yi mini magana ta inbox kafin in koma ranar Lahadi. Akwai yara biyu a unguwarmu da suka rantse mini Bahaushe bai taɓa rubuta labarin sararin samaniya ba, ina so in sa musu shi a hannu.